Tsilar Alade: Ta Ina Take Shiga Ƙwaƙwalwa?

Mutum bai taɓa sa naman alade a bakinsa ba, amma aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa aka ga tsutsar alade kwance a ciki. To, ta ina ta bi?

Bari mu bi sawunta. Likitoci na kiranta Taenia solium, wato tsilar alade. 'Ya'yanta kan ɓuya a tsokar dabbar cikin 'yan jakunkuna farare masu ruwa. Idan aka ci naman bai dahu ba, sai ɗaya ta maƙale a hanji, cikin wata biyu zuwa uku ta zama tsila mai tsawon mita 2 zuwa 7. Duk da wannan tsawon, mai ɗauke da ita sau da yawa ba ya jin komai, in ban da ɗan murɗawar ciki.

Masifar tana cikin ƙwanta. Dubbai ke fita tare da bayan gidan mai tsilar. Idan wani ya haɗiye su, ta gurɓataccen ruwa ko abincin da hannu marar wanki ya taɓa, sai su ƙyanƙyashe, su huda hanji, su bi jini zuwa tsoka, ido ko ƙwaƙwalwa. A can suna iya yin shekaru shiru. Sai tsutsar ta fara mutuwa ne wurin ke kumbura, ciwon kai da farfaɗiya su biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yankuna da dama da cutar ta yi katutu, ita ke haddasa kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya.

A farkon shekarun 1990 an sami irin wannan a birnin New York, cikin wasu iyalan Yahudawa da addininsu ya haramta musu alade. Bincike ya karkata ga masu aikin gida da suka zo daga ƙasashen da tsilar ta yawaita.

Akwai kuma wata tsutsa daban mai suna Trichinella, wadda ita kam cutarta daga naman take zuwa kai tsaye: gudawa da farko, sannan zazzaɓi, kumburin fatar ido da ciwon tsoka. Gishiri, hayaƙi ko busarwa ba su da tabbas a kanta. Wuta ce maganinta: zafin tsakiyar nama ya kai digiri 63 na Salshiyas, niƙaƙƙe kuwa 71.

Tsilar hanji tana jin magani, praziquantel ko niclosamide. Amma fa wanda ke da ta ƙwaƙwalwa, praziquantel na iya tayar masa da farfaɗiya, shi ya sa likita ke fara tambaya kafin ya rubuta.