Bututun Hawan Jinin Ido: Me Ya Sa Ake Son Ya Riƙa Sakin Magani da Kansa?

Jama'a, akwai wani ɗan faifan roba mai siririn bututu da ake dasa wa masu hawan jinin ido, wato ciwon da ruwa ke taruwa a cikin ido matsi ya hau. Ahmed ake ce masa. Likita kan ɗinke shi a farin ido, milimita 8 zuwa 10 daga gefen baƙin ido, ya zura bututun ciki don ruwan da ya taru ya sami mafita.

Dasa shi ba shi ne wahalar ba. Tabo ne. Jiki yana ganin baƙon abu sai ya shiga yi masa jaka ta nama. Daga mako na 3 zuwa na 6 jakar kan yi kauri, ruwa ya kasa ratsawa, matsin ido ya sake haura 21, wato iyakar matsin ido mai lafiya a ma'aunin likitoci. Mu baƙar fata kuwa namanmu ya fi saurin yin tabo, shi ya sa maganar ta shafe mu ƙwarai.

Maganin hana tabon shi ne mitomycin C. Ana jiƙa ɗan soso da shi, miligiram 0.2 zuwa 0.4 a kowace mililita, a ɗora minti 2 ko 3, a wanke. To, ina minti 3 ina tabon da ke watanni yana ginuwa?

Don haka masu bincike ke shafa wa faifan wata roba, PLGA, a cakuɗe da maganin. Tana narkewa sannu a hankali, maganin na tsatsowa. Inda ake shan wuya shi ne kwanakin farko: wanda ke saman robar kan zubo a lokaci guda. In ya yi yawa, fatar ido ta yi siriri, ta yi yoyo, bututu ya fito fili, ƙwayar cuta ta sami ƙofa, matsi ya faɗi ƙasa da 6, wato ya yi ƙasa fiye da kima. Har yanzu galibin wannan gwaji a idon zomaye yake.

Ƙananan abubuwan dasawa a ido masu sakin magani da kansu waɗanda Amurka ta amince da su matsi suke saukarwa, ba tabo suke hanawa ba. Durysta, da ya zo a 2020, maganin bimatoprost maikirogiram 10 ne, kuma sau ɗaya ake sa wa ido saboda yana iya cin ƙwayoyin halittar da ke bayan fatar nan mai garau ta gaban baƙin ido. iDose TR ya zo a 2023 da travoprost maikirogiram 75.

Baba, in an yi maka aikin bututu a Katsina, ko daga Daura ko Mashi kake zuwa, kada ka tsallake ranar dubawa a wata 3 na farko. Matsin kan hau ba ciwo, sai an auna ake ganewa a ƙara maka maganin ɗigawa.