Abin da soja ke koya kafin a tura shi fagen daga

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa maza da mata, sannunku da zuwa.

Mutane da yawa suna ɗauka horon soja koyon harbi ne kawai. Harbi yana ciki, amma kurtu yakan daɗe yana ware bindiga yana harhaɗa ta kafin a ba shi harsashin gaske. Ku ɗauki AK-47, wadda Mikhail Kalashnikov ya ƙera a Tarayyar Sobiyet, jigidarta tana cin harsashi 30. Za a sa kurtu ya ware ta, ya goge, ya shafa mata mai, ya mayar, ya sake, har a kai shi inda zai yi da lalube cikin duhu. Dalili? Ranar da aka buɗe wuta, gaba na dukan uku-uku, yatsu na rawa, ido ba ya ganin gefe. A wannan hali tunani yakan makara, sai abin da hannu ya saba.

Kada wani ya raina goge bindiga. A yaƙin Biyetnam, wajen 1966 da 1967, an raba wa sojojin Amurka bindigar M16, aka sauya albarushin harsashinta, kuma da yawansu ba a ba su kayan gogewa ba, don an yaɗa cewa ba ta buƙatar hakan sosai. Sai ta riƙa cijewa ana tsakiyar ba-ta-kashi, kwanson harsashi ya maƙale a ciki. Samari sun rasa rayukansu da bindiga a hannu. Sai da majalisar dokokin Amurka ta yi bincike a 1967, aka gyara bindigar, aka raba kayan gogewa da littafin koyarwa. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci, domin sakaci ne na manya, yara suka biya da jininsu.

Akwai daidaita saiti da ido, riƙe numfashi, jan kunama a hankali ba da fizga ba. Waɗannan atisaye ne ke kawo su. Akwai kuma ɗaure jijiya da maɗauri idan an ji rauni a hannu ko ƙafa, saboda zubar jini na iya kashe mutum cikin 'yan mintoci kafin likita ya iso.

To, amma abin da ya fi wuya a koya shi ne riƙe yatsa. Yarjejeniyoyin Janeba na 1949, wato dokokin yaƙi da ƙasashen duniya suka amince da su, sun kare farar hula, mai rauni da fursunan yaƙi, kuma wanda ya ajiye makami ya miƙa wuya ba a harbinsa. Kafin tafiya, kwamanda yakan bayyana wa rundunarsa yaushe aka halatta buɗe wuta, yaushe aka hana. A aji wannan yana da sauƙi. Ku ƙaddara soja ne a shingen bincike cikin dare, ya kwana biyu bai runtsa ba, ga mota ta taho ba ta rage gudu ba. Mahara ne, ko magidanci ne da matarsa ke naƙuda? Daƙiƙoƙi kaɗan gare shi. Shi ya sa horo nagari ke jefa shi cikin irin wannan yanayi sau da yawa, da gajiya da hayaniya, tun kafin ya gamu da na gaske.

Tsoro kuwa ba a cire shi. Ana koya wa soja ya yi aiki yana ɗauke da shi, ya dogara ga na kusa da shi, shi ma a dogara gare shi. Kuma a bar shi ya shirya gidansa, ya rubuta wasiyya, ya yi sallama da iyali, don wanda hankalinsa ya rabu biyu haɗari ne ga kansa da abokansa.

Yanzu sai tambayoyi. Malam na baya can, bismillah.