Gamba, Jema da Kajiji: Ciyawar da Ta San Ranin Kano

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa.

Bari in fara da abin da ya same ni. Na taɓa sayen ciyawar nan mai kama da darduma a wajen masu sayar da fulawa, na shimfiɗe tsakar gidana da ita. Da damina, kai, sai ka ce filin ƙwallo. Da watan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, kullum sai na sayi kurar ruwa guda saboda ita kaɗai. Mai ɗakina ta ce, "Malam, mu za mu sha ko ciyawa?" Sati biyu na ɗaga ƙafa, ta ƙone ƙurmus.

Mu a Kano ruwan sama na wata huɗu ne zuwa biyar, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba. Saura duk rani ne. Don haka kafin ka ce wannan ciyawa ta yi kyau, tambayi kanka: wa zai shayar da ita a bazara? Ciyawar dajinmu ta riga ta san amsar.

Ku ɗauki gamba, wadda ake zana da ita. Tana tsayawa dunƙule wuri guda, ta wuce tsayin mutum, saiwarta ta nutse ƙasa. Ta bushe da rani, ruwan farko ya zuba ta farfaɗo. Ku dasa ta a jikin katanga, ku zo da la'asar a watan Oktoba lokacin da ta fid da kai, rana na ratsa gashinta, iska na kaɗa ta. Wallahi ba fulawar da ta fi ta. Sai dai ƙarfinta ba na wasa ba ne: an kai ta Ostareliya don kiwo, yanzu ta zame musu annoba, tana rura gobarar daji. A gida, dunƙule biyu ko uku sun isa.

Wadda na fi ƙauna ita ce jema. 'Yar fadama ce, saiwarta na da ƙamshi, kuma ƙasa take dosa kai tsaye, ba ta yaɗo. Ku duba inda indararo ke zubar da ruwa yana zaizaye muku ƙasa, nan ne gurbinta. A raba dunƙulen, a datse ganyen ya rage kamar taƙi guda, a jera a layi da tazarar taƙi. Damina biyu, ta haɗe ta zama shinge.

Sai dangin aya. Waɗannan ba ciyawa ba ne sosai. Murza karan aya tsakanin yatsunka, za ka ji kusurwa uku. A cikinsu iyaye mata sun fi ni sanin kajiji, tunda shi suke saya a Kasuwar Kurmi don turaren wuta. Danshi yake so, kuma yana bin ƙarƙashin ƙasa, saboda haka a tsohuwar randa za a sa shi kusa da wurin alwala. Aya-aya kuwa, wadda ke addabar manoma, kada ku bari ta shigo. Haka tofa. Haka kacala, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru.

Kyasuwa ba sai na daɗe a kanta ba. Shekara guda take yi, ta zubar da iri da kanta.

Hajiya daga baya tana tambaya a kan maciji. Gaskiya ne, Hajiya, duhuwa maɓoya ce. Shi ya sa ake barin fili a share tsakanin dunƙule da dunƙule, kuma ba a kai doguwar ciyawa bakin ƙofar ɗaki ko kusa da murhu. Hunturu na shiga a yanke gamba ta koma iya gwiwa, karan a ba mai saƙar zana. Masu son tushen jema, ku same ni bayan sallah, na zo da kaɗan a buhu.