Bayan ficewa daga ECOWAS, wane irin zama za a yi?

Jama'a masu sauraro, tun ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka bar ƙungiyar ECOWAS, shekara guda bayan sanarwar da suka bayar. Fita dai an riga an yi. Abin da ya rage, wanda kuma ya fi taɓa talaka, shi ne irin zaman da za a yi nan gaba.

Ana iya raba gari ɗungurungum, a ɗora wa matafiyi biza, a ɗora wa kaya kuɗin fito. Duk wanda ya ga halin da aka shiga bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar ya san ɗacin wannan hanya. Manyan motoci sun yi jerin gwano a iyaka, albasa ta ruɓe cikin buhuna, kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari suka yi tsit. Mutumin Maraɗi da ke da 'ya tana aure a Katsina ya koma bin ɓarauniyar hanya don ya je suna.

Akwai kuma hanyar Muritaniya. Ta fice a shekarar 2000, amma a 2017 ta dawo ta sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance da ƙungiyar, ciniki ya ci gaba ba tare da ta koma kujerarta ba. Birtaniya ma da ta bar Tarayyar Turai a 2020 sai da ta ƙulla yarjejeniyar da ta hana kuɗin fito, duk da haka 'yan kasuwarta na kuka da yawan takardu.

A yau muna zaune ne a tsaka-tsaki. ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, kaya su wuce kamar da, har sai ta sake sanarwa. Ƙasashen uku, da suka kafa ƙawancensu mai suna AES, su ma sun ce ƙofarsu a buɗe take, kuma har yanzu sefa suke kashewa.

To amma sanarwa ba yarjejeniya ba ce. Abin da aka bayar da baki, ranar da rai ya ɓaci ana iya janye shi da baki. Mai fataucin shanu ba zai zuba jarinsa a kan alkawarin da ba shi da wa'adi ba. A ganinmu, ya kamata Abuja da Yamai su matsa a zauna a rubuta yarjejeniya irin ta Muritaniya, a fara da zirga-zirgar jama'a da kayan abinci, sauran saɓanin siyasa ya biyo baya.