Saƙa Rigar Sanyi Mai Maɓalli Kafin Shigowar Murabba'aniyya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kallo. Duk wanda ya taɓa fita sallar asuba a Madina cikin watan Janairu ya san cewa sanyin ƙasar nan ba abin rainawa ba ne, musamman a kwanaki arba'in da Larabawa ke kira Murabba'aniyya, waɗanda suke farawa a farkon Disamba. Sai dai kuma da hantsi ya yi rana takan buɗe, shi ya sa rigar sanyi mai buɗaɗɗen gaba ta fi dacewa da mu, domin ana rufe ta da maɓalli da safe, a buɗe ta da rana, ba tare da an taɓa ɗankwali ko mayafi ba.

Rigar tana da sassa 5, wato baya, da gaba biyu, da hannuwa biyu, kuma ta babban mutum takan ci zare kimanin giram 500 zuwa 600 idan matsakaicin kauri ne. Ku sayi zaren gaba ɗaya a rana guda, ku duba lambar rini da ke jikin takardar kowane dunƙule, domin launi ɗaya da aka rina a lokuta dabam-dabam yakan nuna bambanci a jikin riga. Ulun tumaki ya fi ɗumi, amma ruwan zafi da cuɗa suna sa shi ya ƙanƙance ya dunƙule. Zaren akirilik kuwa, wato zaren roba, yana jure wanki, sai dai dutsen guga yana narkar da shi.

Yanzu ga inda yawancinmu muke gaggawa, kuma a nan ne riga take gyaruwa ko ta lalace. Kafin ku fara, ku saƙa ɗan ƙyalle na gwaji da allura mai kaurin milimita 4, ku wanke shi, ya bushe a shimfiɗe, sannan ku ƙirga madaukan zare nawa ne suka cika santimita 10. A ce kun sami 20, kuma faɗin bayan da kuke so santimita 50 ne, to da madauki 100 za ku fara. Amma idan hannunku mai matsewa ne har 22 suke shiga santimita 10, wannan 100 ɗin santimita 45 kawai zai ba ku, kuma idan aka haɗa gaba da baya rigar ta rasa kusan santimita 9, maɓalli ba zai kai ga kafarsa ba. Hannun kowa da irin jansa, ko da uwa da 'ya ne suka zauna a tabarma ɗaya da zare ɗaya.

Bakin ƙasa da bakin hannu ana yi musu saƙar taƙura, biyu ta gaba biyu ta baya, da allurar da ta ɗan fi siranta, domin su kama jiki iska ta kasa shiga. Kafofin maɓalli kuma sai an jera maɓallan a kan gefe ɗaya an sa alama, sannan a buɗe su a ɗaya gefen. Idan sassan sun kammala, a jiƙa su, a matse a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa su a inuwa su bushe, sannan a ɗinke kafaɗu kafin hannuwa.