Sharhi: Ajiyar Ƙwan Haihuwa Kafin a Fara Maganin Sankara

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Ranar da likita ya zaunar da mace ya gaya mata cewa gwaji ya nuna sankara ce, tambaya ɗaya ce ke cika ɗakin: zan tashi kuwa? Ba mai ganin laifinta, ba kuma mai ganin laifin iyayen da aka gaya wa haka game da 'yarsu. Sai dai akwai wata tambayar da kan laɓe a bayan wannan, ba ta fitowa sai bayan shekara biyar ko goma, an samu lafiya, gashin da ya zube ya tsiro, an yi aure, ana ta zuba ido shiru. A koma asibiti, a ji cewa maganin da ya ceci ran shi ne ya ƙone ƙwan haihuwa. A kan wannan tambaya ta biyu sharhinmu na yau zai tsaya.

Mace tana da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, ɗaya a dama da mahaifa ɗaya a hagu, kowacce ba ta fi gaɓar babban yatsa da wani abin kirki ba. Namiji jikinsa yana ƙera sabon iri kullum tun daga balaga. Mace kuwa da guzurinta take zuwa duniya. Ana haihuwar jaririya da ƙananan ƙwayaye tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000. Waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba, sauran a hankali suke bushewa, har rumbun ya ƙare wajen shekara 50, al'ada ta ɗauke. Abin da ya tafi ba a mayar da shi.

To, wasu magungunan sankara masu ƙarfi, irin su saikulofosfamaid da busulfan, ba sa bambance abokin gaba da ɗan gida. Haka ma gashin da ake yi wa ƙugu da mara da na'urar haske mai ƙone ƙwayoyin sankara. Suna iya cinye rumbun nan cikin 'yan watanni, yarinya 'yar shekara 20 ta wayi gari da jikin wadda ta daina al'ada. Abin bai tsaya kan masu sankara ba. Mai sikila ko wata cutar jini ta gado da za a yi wa dashen ɓargo, sai an fara share tsohon ɓargon da irin waɗannan magunguna.

Da ma akwai dabarar da aka saba da ita, ta ɗebo ƙwai da suka nuna a daskarar da su. Amma wannan yana buƙatar kusan mako biyu ana yi wa mace allurai kafin ƙwan ya nuna, yana kuma buƙatar a ce ta balaga. Wadda cutarta ba za ta jira mako biyu ba fa? Yarinya 'yar shekara 6 fa? Saboda waɗannan ne likitoci suka ce, tunda ba za a iya jiran 'ya'yan itace su nuna ba, a yanki reshen a ajiye.

Ga yadda aikin yake. Ana sa mata maganin barci, a huda ciki ƙananan huji, a zura kyamara, a ciro ma'ajiyar ƙwai guda ɗaya ko wani ɓangare nata. A ɗakin gwaji sai a tsaga ta, a kankare naman ciki, a bar fatar waje kawai, mai kaurin milimita 1 ko makamancin haka, domin a cikin wannan siririyar fata ƙananan ƙwayayen suke kwance suna barci. A yayyanka ta gutsi-gutsi, kowanne bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. A tsoma su cikin wani ruwa da ke hana ƙanƙara ta yi tsini ta huda su, a riƙa sauke sanyi a hankali, daga ƙarshe a nutsa su cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A irin wannan sanyi lokaci tsayawa yake yi. Ita kuma mai jinya, cikin kwana ɗaya ko 'yan kwanaki ana iya fara mata magani.

Idan Allah ya ba ta lafiya, ta dawo tana neman haihuwa, sai a narkar da wasu gutsattsarin, a ɗinka su a jikin ɗaya ma'ajiyar da aka bari, ko a yi musu 'yar aljihu a fatar cikin mara kusa da bututun mahaifa. A nan ne wahalar take, kuma mutane da yawa ba su sani ba. Ba a haɗa wa naman nan jijiyar jini. Ajiye shi kawai ake yi, ya zauna da ƙishirwa har jiki ya tura masa sababbin ƙananan jijiyoyi, abin da kan ɗauki wajen kwana biyar. A waɗannan kwanaki fiye da rabin ƙwayayen ke mutuwa. Wato ɓarnar ƙishirwa ta fi ta sanyi. Waɗanda suka tsira su ne ke farkawa, bayan wata huɗu zuwa biyar mace ta ga al'adarta ta dawo.

Da tumaki aka fara tabbatar da cewa abin zai yiwu. A 1994, a birnin Edinbura na Sikotland, Roger Gosden da David Baird suka daskarar da naman ma'ajiyar ƙwan tumaki, suka mayar musu, aka kuma samu 'yan raguna. Shekara goma bayan haka, a watan Satumba na 2004, aka haifi jaririya a Brasels, babban birnin Beljiyam, ƙarƙashin kulawar Farfesa Jacques Donnez. Uwarta ta yi fama da sankarar kaluluwa da ake kira Hodgkin, an ajiye namanta a 1997, aka mayar mata a 2003. Wasu masana sun yi tababa a lokacin, suna cewa wa ya san ko daga ragowar nata na asali ƙwan ya fito. Haihuwar da aka yi ta samu a wasu ƙasashe daga baya ita ta rufe wannan gardama.

Labarin da ni ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata yarinya mai sikila da aka kai Beljiyam daga Kongo tana ƙarama. Tana da shekara 13, ba ta ma fara al'ada ba, aka cire mata ma'ajiyar ƙwai guda aka daskarar, sannan aka yi mata dashen ɓargo daga ɗan'uwanta. Sikila ta warke, ɗaya ma'ajiyar kuwa ta mutu kamar yadda aka yi tsoro. Bayan shekara goma ta dawo asibitin Erasme, likita Isabelle Demeestere da abokan aikinta suka mayar mata da ajiyarta. A watan Nuwamba na 2014 ta haifi ɗa namiji, cikin da ta samu ba tare da an haɗa komai a ɗakin gwaji ba. A Disamba na 2016 kuma wata 'yar Dubai ta haihu a Landan da naman da aka ajiye mata tun tana shekara 9. A 2019 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta cire wannan aiki daga jerin abubuwan gwaji, kuma yaran da aka haifa ta wannan hanya a duniya sun haura 200.

Masu tambayar nasaba su lura: naman na macen ne aka mayar mata, ƙwan nata ne, babu na wata a ciki. Shi ya sa ma jiki ba ya ƙin sa, ba a kuma shan magungunan da masu dashen ƙoda ke sha har ƙarshen rayuwa.

Amma kada daɗin labari ya ɗebe mu. Cikin matan da aka mayar wa naman, fiye da 90 cikin 100 aikin ma'ajiyar yana dawowa, sai dai dawowar al'ada daban, goyo daban. Wadda ke kaiwa ga haihuwa ita ce ɗaya cikin uku ko huɗu. Dashen ma ba ya dawwama, yawanci shekara huɗu zuwa biyar yake yi ya gaji, ko da yake an ga wanda ya kai goma. Shi ya sa ba a mayar da gutsattsarin duka a lokaci guda. Wadda ta haura shekara 35 kuwa rumbunta ya riga ya yi ƙasa, ribar ajiyar kaɗan ce. Idan gashi ya ƙone mahaifar kanta, ƙwai mai kyau ba zai samu wurin zama ba.

Babban abin tsoro shi ne a mayar wa mace da cutar da aka sha wuya aka raba ta da ita. Sankarar jini ko'ina jini ya bi tana bi, har cikin naman da aka ajiye. Don haka likitoci ke ɗari-ɗari da mayar wa waɗanda suka yi wannan cuta, sai bayan bincike mai tsanani, wani lokaci ma a ce a'a. Ana nan ana ƙoƙarin gano yadda za a raini ƙananan ƙwayayen a ɗakin gwaji har su nuna ba tare da an mayar da naman ba, amma aikin bai kai ga amfanin asibiti ba tukuna. Akwai 'yan mata da ajiyarsu ke cikin tanki tana jiran wannan rana.

Tankin ma kansa amana ce. Ajiyar yarinya 'yar shekara 6 tana iya yin shekara 20 kafin a waiwaye ta, kuma duk tsawon lokacin sai ana ƙara ruwan naitirojin ana duba ma'auni. A watan Maris na 2018 tankuna suka samu matsala a wasu cibiyoyin haihuwa biyu a Amurka, dubban ƙwai da aka ajiye suka salwanta. Wannan ya sa nake ganin hikimar Danmak, inda asibitoci ke cire naman su sa shi a ƙanƙara su aika cibiya ɗaya a Kofanhagen da ta ƙware a daskarar da shi. Jamus da maƙwabtanta masu jin Jamusanci su ma suna da irin wannan haɗin gwiwa tun 2006, nama yana kwana a hanya ya isa da ransa. Ba kowane asibiti ne sai ya mallaki tanki ba. Abin da ake bukata shi ne a san inda za a aika.

Yanzu har an fara tallata wa mata masu ƙoshin lafiya cewa su zo a yanka a ajiye, don a jinkirta musu ɗaukewar al'ada idan girma ya zo. Ni dai ban gamsu ba. Yi wa mai lafiya tiyata sau biyu ko fiye, a rage mata rumbun da ke aiki, saboda amfanin da ba a gama tabbatarwa ba, ya fi kama da kasuwanci.

Inda na fi ganin gazawa shi ne ɗakin ganin likita. Likitan sankara hankalinsa yana kan ƙari, iyaye hankalinsu ya tashi, maganar haihuwar yarinyar da ko makarantar firamare ba ta gama ba tana da nauyi a baki, sai kowa ya yi shiru. Na san shawarar ba ta da sauƙi: uwa da uba ne za su sa hannu a ƙara wa 'yarsu wata tiyata, don wani buri da ita ba ta isa ta ce tana so ko ba ta so ba. Wasu za su ji bayani su ce sun haƙura, kuma haƙƙinsu ne. Da yawa daga waɗanda aka yi wa ajiyar ma ba sa dawowa karɓa, wasu don sun haihu da kansu, wasu don rai ya yi halinsa. Amma wanda aka gaya wa ya ƙi, ba ɗaya yake da wanda ba a gaya wa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko an fara magani mai sauƙi, sau da yawa ana iya cire naman a ajiye. Da zarar an ɗaura ruwan nan mai ƙarfi na share ɓargo, ko an gasa mara, galibi abin ajiyewar ya riga ya ƙone. Tsakanin ranar da aka faɗi sunan cutar da ranar da za a ɗaura wannan ruwa, wani lokaci mako ɗaya ne kacal, kuma a cikinsa ne mai jinya ko iyayenta za su tambayi likita: wannan maganin zai taɓa haihuwa, kuma akwai abin da za a iya ajiyewa kafin a fara?

Masu sauraro, a huta lafiya.