Ta kai ƙara, aka ce ba ta gane ba

Jama'a masu sauraro, a watan Janairun 2018 wata kotu a jihar Michigan ta Amurka ta yanke wa likita Larry Nassar ɗaurin shekara 40 zuwa 175, bayan mata sama da 150 sun tsaya gaban alƙali sun bayyana lalatar da ya yi da su da sunan magani. Kafin asirinsa ya tonu, shi ne likitan 'yan wasan tsalle-tsalle (jimnastik) na ƙasar, kuma ma'aikacin Jami'ar Jihar Michigan. Mugu ba baƙo ba ne a duniya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin waɗanda aka kai wa kuka.

Tun 1997 wata yarinya ta shaida wa mai horar da ita abin da ake mata. Aka nuna mata ba ta gane aikin likita ba. A 2014 wata ta sake kai ƙara, jami'ar ta ce za ta bincika. Wa ta tambaya? Ƙwararru huɗu, dukansu masu alaƙa da shi ko da jami'ar. Suka wanke shi tas, aka ce wa baiwar Allah ba ta gane bambancin duba lafiya da cin zarafi ba. Jikinta, amma wai ba ta gane ba! Ya koma bakin aiki. A 2015 magana ta kai ga hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ita ma ta yi ta jan ƙafa fiye da shekara, shi kuwa yana ta duba yara.

Ku dubi ɗakin nan da kyau. Likita na tsaye da kayansa, yarinya na kwance, ta tuɓe saboda an ce ta tuɓe. Shi ya san sunan ciwon, shi ke rubuta ko za ta yi wasa gobe. Nassar ya sha aikata ta'asarsa uwar yarinya na zaune a ɗakin: ya tare mata gani da jikinsa, hannu ba safa, yana jan ta da hira. To idan idon uwa bai hana ba, yarinya 'yar shekara 13 da wane baki za ta ja da shi?

Wasu za su ce irin wannan magana na zubar da mutuncin likitoci, tana sa mata gudun asibiti. Haba! Likitan kirki ba ya jin haushi don an ce ya yi bayani kafin ya taɓa, ko nas ta tsaya a gefe ta sa ido, ko kuma a ce ba abokansa ne za su binciki ƙarar da aka kai a kansa ba. Ko waɗannan za su kama kowane azzalumi? Ina shakka. Amma jami'ar da ta ce wa yarinya ba ta gane ba, ita ce a 2018 ta amince ta biya diyyar dala miliyan 500, bayan shekara 21 da kukan farko.